Tsattsewar Teku ta Aktik da ta Gama-gari: Ta Ina Ake Bambance Su?

Tambaya: Na ga hotunan wasu tsuntsayen teku guda biyu, an rubuta wa ɗaya Sterna hirundo, ɗayan kuma Sterna paradisaea. Na duba na sake dubawa, ban ga abin da ya raba su ba. Dukansu farare ne masu bayan toka-toka, da baƙar hula, da jan baki, da dogon bindi mai reshe biyu. Shin da gaske jinsi biyu ne? Idan haka ne, ta ina masana ke gane wannan daga wancan?

Amsa: Jinsi biyu ne, ɗan'uwa, kuma kada ka ga laifin idonka. Ko waɗanda suka yi shekara da shekaru suna ƙidayar tsuntsaye a bakin teku, idan garken waɗannan ya gifta can nesa, sau da yawa abin da suke rubutawa a littafinsu shi ne "ɗaya daga cikin biyun", su ci gaba da aikinsu. Ta farkon, wadda zan riƙa kira gama-gari, masanin nan na Suwidin Carl Linnaeus ne ya raɗa mata sunan kimiyya a 1758. Ta biyun, 'yar Aktik, wani limamin coci ɗan Denmak mai suna Erik Pontoppidan ne ya bayyana ta a 1763.

Dukansu 'yan babban dangin nan ne da ake kira Laridae, mai jinsi kusan 100. Manyan gidajen dangin biyu ne. Akwai masu ƙiba da kauri, masu baki mai ɗan lanƙwasa a tsini, waɗanda ke cika tashoshin jiragen ruwa da juji suna cin duk abin da suka samu suna ƙwace na wasu. Mu kira su shirwar teku. Akwai kuma siraran, masu baki mai tsini kamar mashi da bindi mai reshe biyu, waɗanda ke faɗawa ruwa daga sama su kamo kifi mai rai. Su ne tsattsewar teku. Shirwar teku tana sauka ta zauna a kan ruwa ta yi iyo hankali kwance. Tsattsewar teku kuwa, duk da tana da fata a tsakanin yatsu, ba kasafai take zama a kan ruwa ba, kuma idan tana farauta za ka ga bakinta na nuna ƙasa. Tsuntsayen da ka gani biyun nan duk daga gida na biyu suke, kuma girmansu kusan ɗaya: tsawon jiki santimita talatin da wani abu, nauyi daga giram 90 zuwa 140, gama-gari ta ɗan fi nauyi.

Abin da kowane littafi ke fara faɗa maka shi ne baki. A lokacin kiwo, wato daga Mayu zuwa Yuli a arewacin duniya, bakin gama-gari ja ne mai ratsin ruwan goro, tsininsa baƙi, kuma ya fi tsawo. Na 'yar Aktik gajere ne, ja wur kamar jini, tun daga tushe har tsini. Wannan gaskiya ne, amma ni ba na son mai koyo ya rataya hukuncinsa a kansa, domin shi ne alamar da ta fi yaudara. A tsakiyar lokacin kiwo akan sami gama-garin da baƙin tsinin nata ya kusa ɓacewa. A farkon dawowa daga kudu kuma akan sami 'yar Aktik da sauran baƙi a tsinin bakinta, saboda jan bai gama rufewa ba. Can gabashin Asiya akwai reshen gama-gari da ake kira longipennis, wanda bakinsa baƙi ne ƙirin ko a lokacin kiwo. Idan hunturu ya zo kuwa maganar ta ƙare, bakin kowacce ya koma baƙi, goshin kowacce ya yi fari.

Idan tsuntsuwar na tsaye a ƙasa, ƙafa ta fi baki amana. Ƙafafun 'yar Aktik gajeru ne ƙwarai, har ka zaci a kwance take a kan ciki, alhali a tsaye take. Gama-gari tana da ƙafar da za ka gani sosai, tafiyarta ma ta fi tsari. Sai bindi: a tsaye, dogayen gashin bindin 'yar Aktik sukan zarce tsinin fukafukanta da aka naɗe, na gama-gari kuwa iyakarsu su yi daidai da tsinin ko su gaza. Amma gashin bindi yana karyewa, musamman ga tsuntsuwar da ta yi makonni tana kwanci tana gogar duwatsu, don haka gajeren bindi ba hujja ba ne, dogo ne hujja. Kan 'yar Aktik ya fi zagaye, wuyanta gajere, ƙirji da cikinta sun fi duhun toka, har farin kuncinta ya fito kamar zane a ƙarƙashin hular. Kan gama-gari ya fi faɗi da tsawo. A sama, wannan yana sa ka ga kamar fukafukan 'yar Aktik sun matso gaba, ɗan kai a gaba, dogon bindi a baya, tana tashi tana ɗan tsalle-tsalle a iska. Gama-gari ta fi daidaito, abin da ya fito gaban fiffike da na bayansa ba su yi nisa da juna ba.

Duk waɗannan na taimakawa, amma inda nake so ka zuba ido shi ne fiffike. A nan ne bambancin yake da dalili, kuma wanda ya gane dalilin ba ya buƙatar hadda.

A rabin fiffike na waje akwai dogayen gashi guda goma waɗanda su ne ke ɗaukar nauyin tashi. A jikin tsattsewar teku, sabon gashin nan yana fitowa da wani farin lulluɓi a samansa, kamar an barbaɗa gari a kan baƙin ƙyalle. Yayin da rana da iska da gishiri ke cinsa, garin yana kakkaɓewa, baƙin da ke ƙasa yana bayyana. Ke nan a wurinsu sabon gashi fari-fari ne, tsoho kuma baƙi-baƙi. Wanda ya kalli fiffike da kyau yana iya karanta shekarun kowane gashi.

Gama-gari ba ta sauya gashin nan a lokaci ɗaya. Takan fara zubar da na ciki tun tana wurin kiwo, wajen ƙarshen Yuli ko Agusta, ta dakata idan tafiya ta kama, ta ƙarasa na wajen a inda take hunturu. Kafin ta juyo arewa kuma sai ta sake sabon zagaye daga ciki, ta sauya huɗu ko biyar, ta tsaya. Saboda haka idan ta dawo wurin kiwo, gashin ciki sabo ne ful, na waje kuwa ya girme shi da watanni. Yayin da lokacin zafi ke tafiya, na wajen na ƙara duhu, sai ka ga wani baƙin tsini ya kutsa cikin fiffike daga gefen baya, daidai inda tsoho ya haɗu da sabo. Wannan tabon shi ne hatimin gama-gari. A watan Afrilu da farkon Mayu bai cika fitowa ba, amma daga Yuli ana hango shi daga nesa.

'Yar Aktik ba ta yin haka. Sau ɗaya take sauya gashin tashi a shekara, duka goman a jere cikin ɗan gajeren lokaci, kuma sai ta isa can ƙarshen kudu, a bakin ƙanƙarar Antaktika. A makonnin nan ba ta yawan tashi, takan wuni zaune a kan ƙanƙarar da ke yawo a ruwa. Sakamakon haka gashinta duka sa'annin juna ne, saman fiffiken toka-toka ne bai ɗaya, babu tabo. Idan ta bi ta samanka rana na bayanta, haske yana ratsa dukkan gashin, fiffiken ya yi garau, da wani siririn baƙin layi tsaf a gefen baya. Na gama-gari kuwa ɗan fili kaɗan ne haske ke ratsawa, a wajen gashin ciki, kuma baƙin layin gefen nata ya fi faɗi, ya fi dishi-dishi, kamar an goga shi da yatsa.

Daga nan wata ƙa'ida mai amfani ta fito. Idan a watan Agusta ko Satumba ka ga babbar tsattsewar teku a arewacin duniya da giɓi a fiffike, alamar tana tsakiyar zubar da gashi, to kusan tabbas ba 'yar Aktik ba ce. Ita ba ta taɓa gashin tashinta sai ta gama tafiya.

Me ya sa? Saboda irin tafiyar da ke gabanta. Tsuntsun da zai ratsa duniya daga wannan ƙarshe zuwa wancan ba zai so giɓi a fiffike ba, kuma sauya gashi aiki ne mai cin abinci da ƙarfi. Lokacin zafin Aktik gajere ne, da ƙyar yake isa a yi ƙwai a raini 'ya'ya. Inda take da sarari da yalwar abinci shi ne tekun Antaktika daga Disamba zuwa Maris, lokacin da ruwan ke cike da ƙananan jatan lande da ake kira kiril. Can take ajiye wannan aikin.

Tafiyar tata kuwa, an daɗe ana ƙiyasta ta a kan kilomita 40,000 a shekara, zuwa da dawowa, saboda an ɗauka miƙewa take yi. A 2010 Carsten Egevang da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani bincike da ya rushe wannan lissafin. Sun ɗaura wa tsuntsayen wata 'yar na'ura mai nauyin giram 1.4 a ƙafa. Na'urar ba ta aika saƙo, iyakarta ta rubuta lokacin fitowar rana da faɗuwarta kowace rana. Tsawon yini yana nuna nisan wurin daga layin da ya raba duniya arewa da kudu, lokacin da rana ta take tsaka kuma yana nuna gabas ne ko yamma. Wahalar ita ce dole ka sake kama wannan tsuntsuwar bayan shekara ka cire na'urar, abin da ke yiwuwa kawai saboda suna komawa inda suka yi sheƙa bara. An samu bayanan tsuntsaye 11, goma daga Girinlan, ɗaya daga Aislan. Matsakaicin tafiyarsu ya kai kilomita 70,900 a shekara, wata ma ta haura 80,000.

Hanyar ta fi adadin ban sha'awa. Da suka bar wurin kiwo ba su miƙe kudu ba, sai suka ya da zango a tsakiyar arewacin tekun Atilantika, nesa da kowace gaɓa, suka yi kusan kwana 25 suna cin abinci. Kafin binciken babu wanda ya san da wannan zangon. Da suka iso wajen tsibiran Cape Verde sai suka rabu biyu: wasu suka bi gaɓar Afirka, wasu suka tsallaka suka bi ta Barazil. Suka yi hunturunsu a yankin tekun Weddell na Antaktika. A dawowa kuma ba su bi sawunsu ba, suka yi wata babbar lanƙwasa a tsakiyar Atilantika, suna bin inda iska ke kaɗawa ta tura su. Hanyar ta fi tsawo a taswira, amma ta fi sauƙi ga fiffike. Da suna gangarawa kudu suna yin kimanin kilomita 330 a rana, da suka juyo arewa kuwa 520, suka iso cikin kwana 40 ko kusa da haka. Mai zuwa neman wurin sheƙa ba ya tsayawa hira.

Bayan wannan an sami waɗanda suka zarce. 'Yan Aktik da ke kiwo a Holan, a binciken da aka buga a 2013, sun zagaya ƙarshen Afirka, suka nufi gabas ta tekun Indiya har kusa da Ostareliya kafin su gangara Antaktika, tafiyar da ta kai wajen kilomita 90,000. Wata daga tsibiran Farne na arewa maso gabashin Ingila, wadda masu bincike na jami'ar Newcastle suka bi daga 2015 zuwa 2016, ta yi kilomita 96,000. Tun kafin zamanin na'urorin ma zobe ya ba da labari: wani ɗan tsako da aka sa wa zobe a tsibiran Farne a 1982 an same shi a Melbourne ta Ostareliya a watan Oktoba na shekarar, wata uku kacal bayan ya koyi tashi. Tunda tsuntsuwar na iya haura shekara 30, an lissafa cewa a rayuwarta tana iya yin kilomita miliyan 2.4, kwatankwacin zuwa duniyar wata da dawowa sau uku. Kuma da yake tana cin lokacin zafi sau biyu a shekara, ɗaya a arewa ɗaya a kudu, a wuraren da rana ke kwana ba ta faɗi ba, babu wata dabba da aka sani da ta fi ta ganin hasken rana.

Kada wannan ya sa ka raina gama-gari, domin an cika yi mata rashin adalci a nan. Ita ma matafiyiya ce ta gaske. Waɗanda ke kiwo a Turai suna hunturu a gaɓar yammacin Afirka har zuwa Afirka ta Kudu, na Amurka ta Arewa suna gangarawa har Barazil da Ajantina, na Asiya suna kaiwa tekun Indiya da Ostareliya. An taɓa sa wa wani ɗan tsakonta zobe a Finlan a tsakiyar 1996, aka kama shi a jihar Victoria ta Ostareliya a Janairun 1997, tafiyar da aka ƙiyasta a kan kilomita 26,000. Bambancin shi ne gama-gari mai bin gaɓa ce, tana tafiya tana tsayawa a bakin koguna da tashoshin masunta, ba ta shiga ƙanƙara. 'Yar Aktik ta fi son tsakiyar teku, shi ya sa a ƙasashe masu zafi da wuya a gan ta daga tudu, ko da tana wucewa ta gabansu sau biyu a shekara.

Wannan ya kawo mu ga wata hanyar ganewa da mutane ke mantawa da ita: ina aka ɗauki hoton, kuma a wane wata? Gama-gari, kamar yadda sunanta ya nuna, ba ta da zaɓe. Tana kiwo a tsibiran teku, amma kuma tana shiga can cikin ƙasa, a tafkuna da tsibiran yashi na manyan koguna da ramukan da aka haƙi tsakuwa ruwa ya cika su. Har kan rufin gini tana yin ƙwai, kuma idan masu kula da tsuntsaye suka ɗaure mata wani dandamali mai yawo a kan tafki suka zuba tsakuwa, takan karɓa da hannu biyu. 'Yar Aktik tana kiwo a zagayen ƙarshen arewa, Alaska da Kanada da Girinlan da Aislan da Sikandinebiya da Rasha, har can arewacin Girinlan inda ƙasa ta ƙare. Iyakarta ta kudu ta kai Biritaniya da Ailan da Holan da arewa maso gabashin Amurka, kuma a wannan ɗamarar ne biyun ke haɗuwa, wani lokaci a tsibiri ɗaya, sheƙa kusa da sheƙa. Duk da wannan maƙwabtakar, auratayya tsakaninsu abu ne mai wuyar samu, kuma wannan ita ce amsar da ta fi ƙarfi ga tambayarka ta ko jinsi biyu ne. Su sun san juna, da murya da kuma salon neman aure. Kukan gama-gari dogo ne mai kaushi da ke gangarowa a ƙarshe, na 'yar Aktik ya fi siranta da tsini.

Sheƙar tasu ba wata sheƙa ba ce, ɗan rami ne a yashi ko tsakuwa. Gama-gari takan yi ƙwai uku, 'yar Aktik galibi biyu. Uwa da uba suna karɓa-karɓa wajen kwanci na kimanin mako uku, 'ya'yan kuma suna tashi bayan mako uku zuwa huɗu. A wurin duka biyun namiji yana neman mace ne da kifi a baki, yana shawagi da shi a kan garke, daga baya ya riƙa ciyar da ita kafin ta yi ƙwai. Ba sa fara kiwo sai sun kai shekara uku ko huɗu, kuma da yawa daga cikin ƙananan ba sa ma dawowa arewa a shekararsu ta farko.

Inda halinsu ya rabu fili shi ne faɗa. Dukansu suna kai wa mai kusantar sheƙa hari, amma gama-gari sau da yawa takan kawo sura ne ta kauce, ta bar ka da ihu da kashi. 'Yar Aktik ba ta san wannan wasan ba, saran kai take yi har jini ya fito, mutum ne ko dila ko farar beyar, ƙatuwar dabbar nan ta ƙanƙara. Masu ziyartar tsibiran Farne a lokacin kiwo sun san dole a sa hula. Wasu tsuntsayen, irin su agwagin teku, sukan yi sheƙa a cikin unguwarsu don su ci albarkacin wannan tsaron.

Ko wajen kamun kifi akwai ɗan bambanci da ido ke iya kamawa. Gama-gari takan tsaya cak a iska tana kaɗa fiffike, sannan ta faɗo kai tsaye. 'Yar Aktik takan sauko ne mataki-mataki: ta tsaya, ta ɗan gangaro, ta sake tsayawa, kafin ta faɗa ko ta tsinci abu a saman ruwa. Gama-gari tana cin kifin ruwan gishiri da na ruwan daɗi da jatan lande da ƙwari. 'Yar Aktik ma tana cin ƙwari a wurin kiwo, amma a wurare da dama rayuwar 'ya'yanta ta rataya ne a kan wani siririn kifi guda, mai ɓuya a cikin yashin ƙasan teku. A shekarun 1980 kifin nan ya yi ƙaranci a tsibiran Shetland na Sikotlan, 'yan Aktik suka yi shekara bayan shekara 'ya'yansu na mutuwa da yunwa a sheƙa. An rufe kamun kifin a yankin a 1991, ana ta muhawara kan ko masunta ne sila ko sauyin ruwan teku. Aislan ta ga irin wannan daga wajen 2005. A 2024 Biritaniya ta hana kama wannan kifin a ruwan Sikotlan da ɓangaren Ingila na Tekun Arewa. A ganina wannan shi ne raunin 'yar Aktik: ta ƙware a abu ɗaya har ta wuce kowa, amma ba ta da wurin juyawa idan abin ya ƙi, ga shi kuma ƙarshen duniyar biyu da ta dogara da su su ne ke saurin ɗumama.

Gama-gari tata wahalar daga hannun mutane ta fi zuwa. A ƙarshen ƙarni na 19 an kusa ƙarar da ita a gaɓar gabashin Amurka, ana kashe su dubbai don a yi wa hulunan mata ado da gashinsu, wani lokaci da tsuntsuwar sukutum. Dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1918 ta taimaka suka farfaɗo. Sai kuma 'yan'uwansu na dangi ɗaya suka zame musu bala'i: shirwar teku ta yawaita saboda juji da ragowar kifin jiragen masunta, ga shi tana riga su isa tsibiri, ta mamaye wurin sheƙa, ta ci ƙwai da 'yan tsaki. Yawancin aikin kare tsattsewar teku a yau aikin raba ta da shirwar teku da ɓeraye ne. Tsibirin Great Gull da ke jihar New York ta Amurka, inda Helen Hays ta jagoranci aiki tun daga 1969, ya zama ɗaya daga cikin manyan matattarar gama-gari a duniya ta irin wannan kulawar. Akwai kuma wani tarihi da ba a cika sani ba: karon farko da aka tabbatar da murar tsuntsaye mai kisa a tsuntsayen daji, a jikin gama-gari ne, a Afirka ta Kudu a 1961, inda kimanin 1,300 suka mutu. Cutar ta sake yi wa tsattsewar teku ɓarna mai yawa a Turai a 2022 da 2023. Duk da haka, a ma'aunin duniya ba a sa ko ɗaya daga cikin biyun a jerin masu fuskantar ƙarewa ba.

Idan hotunan da ka gani na ƙananan tsuntsaye ne, 'yan shekarar farko, to ka manta da baki da bindi. Dubi gefen baya na fiffike, ɓangaren da ke kusa da jiki. A ƙaramar gama-gari akwai duhun layi a wurin, ga kuma baƙin tabo mai ƙarfi a kafaɗa, bayanta na da ɗan ja-ja, tushen bakinta ruwan goro. A ƙaramar 'yar Aktik wurin fari ne tas, tabon kafaɗar bai kai wancan ƙarfi ba, bakin kuma yana saurin komawa baƙi. Wannan farin ɓangaren ana hango shi daga nesa sosai, kuma a lokacin ƙaurar kaka ya fi kowace alama saurin yanke hukunci.

Ka kuma sani ba su biyu kaɗai ba ne a fagen. A gaɓar Atilantika akwai Sterna dougallii, wadda ta fi su fari, da baki kusan baƙi duka da bindi mai tsawon gaske. A Amurka ta Arewa akwai Sterna forsteri, wadda ke kama da gama-gari ƙwarai. A can kudu kuma akwai Sterna vittata, tsattsewar Antaktika, wadda ke kama da 'yar Aktik har ya wuce misali, sai dai kalandarsu a juye take. Idan hoton an ɗauke shi a Antaktika a watan Disamba ko Janairu, tsuntsuwar na da cikakkiyar baƙar hula da jan baki, to 'yar gida ce tana tsakiyar kiwo. 'Yar Aktik a wannan lokacin goshinta fari ne, bakinta baƙi, fiffikenta da giɓin sabon gashi.